Magajin Dalai Lama: Ƙadangaren Bakin Tulu Tsakanin Sin da Indiya

Tun da Sin da Indiya suka cimma yarjejeniyar sintiri a kan iyaka a Oktoban 2024, ake ganin ƙurar arangamar Galwan ta 2020, wadda ta ci ran sojojin Indiya 20, ta lafa. Sai dai da sauran rina a kaba: batun Tibet.

A Yulin 2025, dab da cikarsa shekara 90, Dalai Lama, jagoran mabiya addinin Buda na Tibet da ke gudun hijira a Indiya tun 1959, ya ce gidauniyarsa kaɗai za ta tantance magajinsa. Beijing ta ce sam, sai da amincewarta.

To me ya haɗa wannan da iyaka? Garin Tawang. Yana jihar Arunachal Pradesh ta Indiya, wadda Sin ke kira Kudancin Tibet, kuma a yankinsa aka haifi Dalai Lama na shida. Sin ba ta amince da layin McMahon na 1914 ba, har ta kama Tawang a yaƙin 1962 kafin ta janye. Idan magajin ya ɓulla a can, rikicin addini ya koma na ƙasa.

A 2003 Indiya ta amince yankin Tibet na Sin ne, kuma tana cewa ba ta tsoma baki a harkar addini. Amma ranar da aka wayi gari da Dalai Lama biyu, shiru ba zai fisshe ta ba. In ta karɓi na ’yan gudun hijira, ta ɓata da Sin. In ta juya masa baya, ta rasa yardar mabiyansa da ke zaune a kan iyakarta.