Reyonnah, Motar da Ke Naɗe Ƙafafunta

Jama'a, yau ba labarin soyayya na zo muku da shi ba, wata 'yar mota ce ta tsaya mini a rai. Sunanta Reyonnah. Wani Bafaranshe, Robert Hannoyer, shi ya ƙera ta, ya juya sunansa daga ƙarshe zuwa farko ya raɗa mata. A 1950 aka nuna ta a bajekolin motoci na Paris.

Lokacin Faransa ba ta gama murmurewa daga yaƙin duniya na biyu ba, kuma ba kowa ke da gareji ba. To sai ya yi dabara: in ka ɗaga gabanta, tayoyin gaba sai su naɗe su shige ƙarƙashi, faɗinta ya koma wajen santimita 75, ka tura ta cikin gida kamar babur. Mutum biyu take ɗauka, ɗaya bayan ɗaya.

Ba ta samu kasuwa ba, 'yan ƙalilan aka yi. Ɗaya da aka gyara tana cikin tarin Bruce Weiner da aka yi gwanjonsa a Amurka a 2013.

Ni dai ra'ayina, duk mai gyara irinta ya bar mata ɗan injinta na babur, kar ya sa mai ƙarfi don burga. Kuma kar tsoron ƙarjewar fenti ya hana shi naɗe ta. In aka goge ta tana walƙiya aka kewaye da igiya, wa zai gane abin da Hannoyer ya yi wahala a kai?