Ra'ayinmu: Baƙon da Bai Yi Kama da Baƙo Ba

Duk shekara idan aka koma karatu, cikin sababbin ɗaliban da ke sauka a tashar mota ta Birnin Kebbi da ta Argungu akan sami waɗansu da suka ƙetaro iyaka, daga Gaya ko Dosso ko Dogondutse a Jamhuriyar Nijar. Ba a rarrabe su da mu. Hausarsu tamu ce, in kuwa Zabarmanci suke yi, to, a ƙasar Dandi ma shi ake ji a kasuwa. Wani ma kakarsa Bakabiya ce. Wannan kama ita ce damuwarmu. In Bature ya zo, kowa zai ja shi gefe ya faɗa masa dokar gari. Amma ɗan Dosso ba mai tuna cewa baƙo ne, har shi kansa yakan manta, sai ran da aka tsai da motarsu a shingen jami'an shige da fice, aka ce kowa ya fito da takardarsa.

Ga yadda doka take. Yarjejeniyar da ƙasashen ECOWAS suka ƙulla a 1979 ta yarda ɗan wata ƙasa daga cikinsu ya shigo ba tare da biza ba, muddin yana riƙe da takardar tafiya mai kyau, amma na kwana 90 kawai. Kwana 90 kuwa ko zango ɗaya na karatu ba su kai ba. Wanda zai zauna ya yi shekara uku ko huɗu, lalle ne ya nemi katin izinin zama wurin Hukumar Shige da Fice. Katin ɗalibta ba ya maye gurbinsa, wasiƙar ba da gurbin karatu ma haka.

Da can ana yi wa wannan magana riƙon sakainar kashi, ana cewa ai duk gida ne. Yanzu ba haka ba ne. Bayan juyin mulkin Yulin 2023 a Yamai an rufe iyaka, Nijeriya ba ta buɗe nata ɓangaren ba sai a Maris na 2024. Ran 29 ga Janairun 2025 kuma Nijar da Mali da Burkina Faso suka fita daga ECOWAS. Gaskiya ne ƙungiyar ta ce a ci gaba da karɓar fasfo da katin shaidar mutanensu har sai an ba da wata sanarwa, amma wannan alfarma ce, kuma wanda ya yi alfarma yana iya janye ta. Iyayenmu sun ga abin da ya faru a Janairun 1983, sa'ad da gwamnatin Shehu Shagari ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar ƙasa. A ranar ba a tambayi kowa wane harshe yake ji ba.

Sai batun zanga-zanga, wanda mu 'yan ƙungiyar ɗalibai ya fi shafa, tun da mu ne muke kiran ta. A Agustan 2024 an kama ɗalibai 6 da malaminsu daga Jami'ar Warsaw ta ƙasar Poland a Kano lokacin zanga-zangar tsadar rayuwa, alhali karatun Hausa ya kawo su. Sun yi kusan mako uku kafin a sake su, su da ke da ofishin jakadanci tsaye a kansu. Saboda haka in mun fito titi, kada mu ja abokin ɗakinmu ɗan Gaya, kada kuma mu kira shi matsoraci don ya zauna a ɗaki. Mu in an kama mu, beli za a nema. Shi karatunsa ne gaba ɗaya zai salwanta.

Hanya ma ta canja. A Nuwamban 2024 'yan Lakurawa sun kashe mutum 15 a Mera ta ƙaramar hukumar Augie, nan maƙwabtan Argungu. Ɗalibin da ya saba bin ɓarauniyar hanya a kan babur don guje wa shinge, ya sani yanzu daji biyu yake shiga: na 'yan bindiga, da na jami'an tsaro waɗanda ba su da dalilin yarda cewa shi ɗalibi ne. Ya bi ta Kamba da rana tsaka, a buga masa hatimi, ya kuma bar wa wani labarin inda ya nufa.

Muna kira ga hukumomin makarantunmu, daga Jami'ar Tarayya da Kwalejin Waziri Umaru a Birnin Kebbi har Kwalejin Ilmi ta Adamu Augie a Argungu, da su tattara waɗannan ƙa'idodi a 'yar takarda ɗaya, da Hausa da Faransanci, domin yawancin waɗannan 'yan'uwa da Faransanci suka yi sakandare. A miƙa wa kowane ɗalibi baƙo tun ranar rajista. Kafin hukuma ta motsa, ƙungiyarmu na iya farawa: shugaban kowane ɗakin kwana ya san baƙin da ke wurinsa, ya tambaye su ranar da izininsu zai ƙare, a raka wanda nasa ya kusa zuwa ofishin shige da fice tun kafin hutu.