SHARHI: Digiri na biyu a wasan dandamali, ƙofofin waje na rufewa, na gida ba su faɗaɗa ba

Duk shekara sassan koyar da wasan kwaikwayo na jami'o'in Ahmadu Bello, Bayero, Jos da Ibadan suna yaye ɗalibai, kuma da zarar an kammala hidimar ƙasa sai tambayar ci gaba da karatu ta taso. Ta fi yi wa rukuni ɗaya nauyi, wato masu sha'awar wasan dandamali mai haɗa waƙa da rawa da kwaikwayo, irin wanda ya yi suna a Broadway ta birnin New York. Amsar da aka saba ba su ita ce su nemi gurbi a Amurka ko Ingila. Daga 2023 zuwa yau, manufofin gwamnatoci uku sun sa wannan amsa ta daina aiki ga mafi yawansu.

Digiri na biyu a wannan fanni iri biyu ne, kuma rashin bambance su yana jawo asarar kuɗi da shekaru. Akwai na nazari, wanda ake kira MA, inda ɗalibi ke karanta tarihin wasa da ra'ayoyin masana, ya rubuta kundi, ya kama hanyar digirin digirgir da koyarwa. Akwai kuma na aiki, MFA, wanda Amurka ta fi shahara da shi: shekara biyu zuwa huɗu na horar da murya da jiki, ko na rubuta waƙoƙin wasa da bayar da umarni. A irin wannan makaranta gwajin da aka yi wa mutum a gaban malamai ya fi sakamakon digirinsa na farko tasiri.

A Amurka, manyan makarantun sun rage tsada a daidai lokacin da shiga ƙasar ya yi wuya. Makarantar wasan kwaikwayo ta Jami'ar Yale, wadda ta yaye Lupita Nyong'o a 2012, ta daina karɓar kuɗin makaranta tun 2021 bayan attajiri David Geffen ya ba ta dala miliyan 150. Juilliard ta bi sahu a shirinta na MFA daga 2024. Jami'ar New York kuma tana da shiri na musamman ga marubuta da masu tsara kiɗan irin wannan wasa. Sai dai a watan Yulin 2025 Amurka ta mayar da yawancin bizar 'yan Najeriya ta shiga sau ɗaya mai wa'adin wata uku, sannan a Disambar shekarar gwamnatin Donald Trump ta saka Najeriya cikin ƙasashen da ta taƙaita wa biza, har da ta ɗalibai. Gurbin karatu kyauta ba ya amfanar wanda ba zai iya sauka filin jirgi ba.

Ingila ta fi jan hankali domin digirinta na biyu shekara ɗaya ne, kuma a Landan akwai Royal Central da Royal Academy of Music, dukkansu masu koyar da wasan waƙa. Matsalar a nan ta aljihu ce. Kafin gwamnatin Tinubu ta saki naira a Yunin 2023, ana canjin dala a kusan naira 460 a farashin hukuma; zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Iyalin da ya yi lissafin sayar da fili ɗaya ya tarar yana buƙatar uku. Daga Janairun 2024 Birtaniya ta hana ɗaliban irin wannan digiri tafiya da mata da 'ya'ya, kuma ta yanke cewa izinin zama a yi aiki bayan karatu zai ragu daga shekara biyu zuwa wata 18 daga Janairun 2027. Ga injiniya wata shida ba wani abu ba ne. Ga ɗan wasa, wanda zai shafe watanni yana neman wakili da zuwa gwaji kafin ya samu rawar farko, wata shidan nan su ne galibi lokacin da sana'ar ke fara kankama. Tallafin Chevening yana nan, amma yana neman gogewar aiki ta shekara biyu da alkawarin komawa gida na shekara biyu.

Gwamnatin Najeriya ma ta ja hannu. TETFund ta dakatar da tura malamai karatu waje daga Janairun 2025, ministan ilimi Tunji Alausa kuma ya soke shirin tallafin karatu na yarjejeniya da ƙasashe a Afrilun shekarar, da hujjar cewa ana koyar da darussan a gida.

Hujjar ta yi daidai a wasu fannoni, amma a wannan rabin gaskiya ce. Jami'ar Ahmadu Bello tana da tarihi da duniya ta sani a wasan kwaikwayo don ci gaban al'umma, tun zamanin Michael Etherton a tsakiyar shekarun 1970, har zuwa aikin Farfesa Oga Steve Abah. Wanda yake son amfani da wasa wajen wayar da kai kan lafiya, zaɓe ko zaman lafiya zai samu a Samaru abin da Landan ba za ta ba shi ba, da kuɗi kaɗan. Ibadan, wadda makarantar wasanta ta fara tun farkon shekarun 1960, tana da ƙarfi a nazari. Amma digirin na biyu a jami'o'inmu an gina shi ne a kan kundi, domin ya samar da malamai. Mai son a horar da muryarsa kullum ta iya waƙa yana tsakiyar rawa zai kammala da takarda mai kyau da murya kamar yadda ya shigo da ita. Ga kuma yajin aiki: na ASUU a 2022 ya ci wata takwas cur.

Abin lura, kasuwar wannan wasa a Najeriya ta girma ne a wajen jami'a. Bolanle Austen-Peters, wadda lauya ce, ta kawo Saro a 2013, ta kai Wakaa Landan a 2016, ta biyo da Fela and the Kalakuta Queens a 2017. Babban gidan wasa na ƙasa da ke Iganmu, wanda yanzu yake ɗauke da sunan Wole Soyinka, bankuna ne suka gyara shi. A Arewa kuwa, Kannywood ta shafe sama da shekara ashirin tana sayar da labari mai waƙa da rawa, mawaƙanta da masu tsara rawarta sun koya ne a situdiyo da wajen ɗaukar fim. Shi kansa Ali Nuhu, shugaban Hukumar Fina-finai ta Ƙasa tun Janairun 2024, ilimin ƙasa ya karanta a Jos. Jami'o'in da ke maƙwabtaka da wannan masana'anta sun fi nazarin ta fiye da horar mata da ma'aikata.

Saboda haka wanda burinsa koyarwa ne, MA na gida ya wadatar, domin ko da ya dawo da MFA daga waje, tsarin ƙarin girma a jami'o'inmu digirin digirgir yake tambaya. Wanda burinsa dandamali ne kuwa, shekara biyu a cikin ƙungiyar wasa mai aiki a Legas, Abuja ko Jos za su ba shi faifan bidiyon gwajin da makarantun waje ke nema, kuma su ne dai shekaru biyun da Chevening ke sharɗantawa.