Sayen tsohuwar waya a intanet: Mai kunyar dubawa shi ake damfara

A kasuwar waya ta Farm Centre da ke Kano, babu wanda zai ji haushi don mai saye ya kunna waya, ya saka layinsa, ya gwada kyamara da caji kafin ya biya. Amma da ciniki ya koma Jiji ko Facebook Marketplace ko WhatsApp, sai mutumin nan ya tura kuɗi ga wanda bai taɓa gani ba, don kawai an aiko masa hotuna masu kyau da gaisuwa mai daɗi. Kunya da gaggawa ne jarin ɗan damfara, kuma dukansu a hannun wanda za a cuta suke.

Ƙa'idar da ta kamata kowa ya riƙe ɗaya ce: kuɗi da kaya su haɗu a wuri ɗaya, a lokaci ɗaya. Duk wanda ya nemi kafin alƙalami ko kuɗin mota kafin a ga kaya, ko ya ce wani yana hanya zai ɗauke wayar idan ba a biya yanzu ba, yana ƙoƙarin raba kuɗin da kayan ne. Araha mai yawa ma abar tsoro ce, domin ita ce ke hana mutum tsayawa ya yi tunani.

Ganin wayar a hannu ma bai wadatar ba. Mai saye ya danna *#06# ya ga lambar IMEI mai lambobi 15, ya gwada ta da wadda ke jikin kwali ko rasit. Idan iPhone ce, mai ita ya fita daga iCloud a gabansa, domin tun 2013 Apple ya saka makullin da ke hana buɗe wayar ba tare da asusun mai ita na farko ba. Wayoyin Android ma suna da irin wannan kariya ta asusun Google. Saboda haka a goge wayar gaba ɗaya, a sake kunna ta, a ga ta buɗe ba ta nemi kalmar sirrin kowa ba. A kuma tambaya ko an gama biyan kuɗinta, don wayoyin da ake saya da biyan kaɗan-kaɗan ana iya kulle su daga nesa idan bashi ya rage.

Batun rasit ba wasa ba ne. Wayar sata ana bin sawunta ta lambar IMEI, kuma wanda aka same ta a hannunsa shi ne zai fara amsa tambaya a ofishin 'yan sanda. Karɓar kayan sata da sani laifi ne a dokar Najeriya, kuma cewa "a intanet na saya" ba ta da nauyi idan babu takarda. Idan rasit na asali ya ɓata, a rubuta sabo ɗauke da sunan mai sayarwa, lambarsa, IMEI, kuɗin da aka biya da sa hannun shaida.

Mai sayarwa shi ma ana cutarsa, galibi da alat na bogi. Saƙon tes mai ɗauke da sunan banki ana iya ƙirƙirarsa, haka hoton rasit na tura kuɗi. Hujja ɗaya ce tak: ya buɗe manhajar bankinsa, ko OPay ko Moniepoint ko duk wadda yake amfani da ita, ya ga kuɗin sun ƙaru. Idan an ce netwok ne ya riƙe su, to waya ma ta jira netwok.

Akwai kuma damfarar da ke haɗa mutum biyu masu gaskiya faɗa. Ɗan damfara ya kwafi tallar wani ya saka da farashi mai sauƙi. Ya ce wa mai saye ƙaninsa ne zai nuna masa wayar, ya ce wa mai wayar ƙaninsa ne zai zo dubawa, ya gargaɗi kowannensu kada ya yi maganar kuɗi. Mai saye ya duba ya gamsu, ya tura kuɗi asusun na ukun, shi kuma ya kashe layi. Maganin wannan tambaya biyu ne ga wanda ke riƙe da wayar: nawa zai sayar, kuma asusun da za a tura kuɗin nasa ne?

Wasu za su ce wannan bincike ya yi yawa, kamar ana zargin mutum da sata, kuma wanda ke Gusau ba zai je Legas don waya ɗaya ba. Uzurin nisa gaskiya ne, amma ana iya wakilta ɗan'uwa ko amintaccen mai shago a garin ya duba, a biya a gabansa. Na zargi kuwa ba hujja ba ne. Mai gaskiya ba ya asarar komai idan an ɗauki minti 15 ana duba kayansa a wuri mai jama'a da rana. Wanda ya fusata don an ce a goge waya ko a jira kuɗi su shiga, a mayar masa da kayansa a nemi wani.