Bayan an ajiye sanda, sai lissafin kuɗin mota

Masu bibiyar wannan fili za su tuna cewa a watan Satumbar 2024 na yi makonni uku ban ce uffan ba. Waɗansu sun zaci na bi sahun abokan aikina da suka tsallake suka bar mana aji da alli. To, ban gudu ba. Taro ne ya kai ni Madrid, babban birnin Sifaniya. Da aka tashi, na ga akwai sauran kwanaki a bizata, sai na yi abin da na daɗe ina karantawa a littafi, wato na ɗauki sanda na bi wani yanki na hanyar Santiago da ƙafa. Labarin tafiyar kanta zai zo wani makon in Allah Ya kai mu. Yau a kan komowa nake son mu tattauna, domin a nan ne na tafka wautar da har yanzu maiɗakina take yi mini dariya a kanta.

Santiago de Compostela birni ne a yankin Galisiya, can ƙuryar arewa maso yammacin Sifaniya. Kiristoci sun yi imani cewa a ƙarƙashin babbar majami'arsa aka binne Yaƙub, ɗaya daga cikin almajiran Annabi Isa (AS), kuma tun ƙarni na 9 suke takawa zuwa can. Hanyar da ta fi shahara tana tasowa ne daga Saint-Jean-Pied-de-Port da ke Faransa, nisan kusan kilomita 780, tafiyar wata guda da 'yan kwanaki ke nan. Ofishin da ke kula da maziyarta ba ya ba mai tafiyar ƙasa takardar shaida sai ya taka aƙalla kilomita 100, yana karɓar hatimi a masaukai da shagunan bakin hanya. Shi ya sa garin Sarria, mai nisan kimanin kilomita 115, ya zama mafarar masu gajeren hutu irina. A 2024 kaɗai mutum kusan rabin miliyan ne suka karɓi takardar. Ni dai ba ibada ce ta kai ni ba, kuma na gaya musu haka. Malamin tarihi ne ni, na fi shekara goma ina koyar da hanyoyin alhazan ƙafa na ƙasar Hausa, alhali ban taɓa taka kilomita ashirin a yini guda ba. Kunyar wannan ce ta sa ni a hanya.

Daren da na kwana a Sarria na duba wayata, na ga tikitin jirgin ƙasa daga Santiago zuwa Madrid na ranar Talata a kan Yuro 20 da 'yan kai. Sharaɗinsa shi ne ba a canza rana, ba a mayar da kuɗi. Na yi ta juya maganar a raina, daga bisani na rufe wayar ban saya ba. Dalilina a lokacin ba na banza ba ne: wa ya ba ni tabbacin cewa ƙafafun da suka saba da mota da kujerar ofis za su kai ni ranar Talata?

Kuma ba su kai ni ba. A kwana na uku, zangon da ke tsakanin Palas de Rei da Arzúa, wanda ya kusa kilomita 30, ya fi ƙarfina. Tafin ƙafata ta hagu ya yi bororo har uku, dole na yada zango a Melide, tafiyar kwana biyar ta koma ta shida. Na shiga Santiago ranar Laraba da hantsi. Jirgin da zai dawo da ni gida zai tashi daga Madrid ranar Alhamis da yamma, bizata kuma tana ƙarewa ranar Juma'a. Duk ɗan Najeriyar da ya taɓa bin layin neman biza ya san abin da kwana ɗaya na ƙari zai iya jawo masa a gaba, ba sai na yi dogon bayani ba. Tsakanina da Madrid kuwa akwai kusan kilomita 600.

Abin da na gani a dandalin da ke gaban majami'ar, wanda suke kira Obradoiro, ya ba ni mamaki. Mutane suna isowa suna rungumar juna, wasu na kuka, wasu sun kwanta a kan dutse sun yi matashi da jaka. Amma ka ba su rubu'in sa'a, sai ka ga kowa ya zaro waya ya duƙufa. Da na leƙa ta maƙwabcina, sai na tarar abin da nake nema shi yake nema. Mutumin da ya yi sati biyar ba abin da yake bi sai kibiya ruwan ɗorawa da aka zana a jikin bango da duwatsu, yanzu ga shi yana fama da jadawali da farashi kamar ɗan kasuwar canji.

Jirgin ƙasa shi ne sarkin hanyar. Tun da aka kammala layin dogo mai gudun gaske zuwa Galisiya a Disambar 2021, tafiyar da ke bi ta Ourense da Zamora zuwa tashar Chamartín ta Madrid ta koma ta sa'a uku da ɗoriya. Sai dai kujerar da na raina a Sarria ta ninka kusan sau huɗu, 'yan guraben da suka rage ke nan. A lokacin Yuro guda ya haura Naira 1,500. Na buga lissafi da albashin malamin jami'a, sai na ji zuciyata ta ƙi.

Jirgin sama kuwa shi ya fi iya yaudara. Filin jirgin Santiago yana Lavacolla ne, da safiyar ranar ma na bi ta gefen shingensa da sandata, kuma tafiyar ba ta fi sa'a guda da 'yan mintoci ba. Wani kamfani mai rahusa ya rubuta kuɗi kaɗan da manyan haruffa. Da na shiga cike takarda, jakar goyona ta fi girman wadda suke ɗauka kyauta, sai an biya. Sanda ba a yarda a shiga da ita cikin jirgi ba, sai ta bi kaya, shi ma sai an biya. Jirgin kuma na asuba ne, ga kuɗin kwana, ga kuɗin motar da za ta kai ni fili cikin duhu. Kafin in kai shafin ƙarshe farashin ya kamo na jirgin ƙasa.

Saura bas ta dare. Kuɗinta bai kai rabin na jirgin ƙasa ba, za ta tashi bayan isha'i ta isa da safe, ta kuma ɗauke mini kuɗin gado. Jifa ɗaya, na ce a raina, ya isa. Na saya ina yaba wa kaina wayo.

A nan ne zan ɗan ratse zuwa gida, domin a can na gane wani abu game da tashoshinmu. A tashar mota ta Kano ko Gusau, fasinjan da ba shi da hali yana biyan araharsa da zama. Ɗan kamasho ya ce saura mutum ɗaya, ka zauna tun hantsi har azahar, ka kuma yarda a cusa ku huɗu a kujerar mutum uku. Wanda ba zai iya jira ba sai ya biya kuɗin kujerar da ba kowa, ko ya ɗauki shata. A Turai mota ba ta jiran lodi, ko da mutum biyar za ta tashi a kan lokaci. Abin da suke saye a wurinka a madadin rahusa shi ne alkawari: ka faɗi ranarka tun makonni kafin ta zo, in ka saɓa, asararka ce. Na'ura ce ke ɗaga farashi gwargwadon yadda kujeru ke ƙarewa. Wannan tsari ya yi wa ma'aikacin ofis daidai, domin ya san ranar hutunsa. Mai tafiyar ƙasa kuwa shi ne mutumin da ya fi kowa rashin sanin ranarsa, tunda jijiya da ruwan sama da bororo su ke yanke masa hukunci. Ga shi kuma a ƙarshen tafiya ne aljihunsa ya fi yin fayau.

Abin da ban sa a lissafi ba shi ne jikina. Ƙafar da ta yi kwana shida tana aiki, idan aka lanƙwashe ta a ƙarƙashin kujera sa'a tara, ba ta yafewa. Mun ratsa ta Lugo, wanda bai fi kilomita talatin da Sarria ba, na ga motar ta warware mini tafiyar kwana shida cikin ɗan lokaci, abin ya ba ni dariya ya kuma ba ni haushi. Daga nan na cire takalmi don in ji sauƙi, kuskure na biyu ke nan. Da muka tsaya shan shayi a tsakiyar dare na sauko da safa kawai, na yi sallolin da ke kaina a gefen wata babbar mota, ina dafa taya kafin in miƙe. Saurayin da ke kusa da ni, ɗalibi ɗan Kolombiya da ya taso tun daga Faransa, ya yi barcinsa tun daga Santiago har Madrid, ko juyi bai yi ba. Shekarunsa ba su fi rabin nawa ba. A gare shi bas ɗin ce zaɓin da ya dace, kuma da ɗalibina ne da ita zan ba shi shawara.

Ni kuwa da gari ya waye takalmi ya ce bai san ni ba. Na sayi silifa a tasha, na shiga kantin magani aka ɗaure mini ƙafa, na nemi ɗakin da zan miƙe na 'yan sa'o'i, sannan da na dubi matakalar jirgin ƙarƙashin ƙasa na dubi jakata, sai na kira tasi zuwa filin jirgi. Da na tattara rasiɗai a cikin jirgi, abin da na kashe ya zarce kuɗin jirgin ƙasan da na guje wa. Wani abokina likita da na ba shi labari bai yi dariya ba. Ya ce zaman dogon lokaci ba motsi, ga ƙarancin ruwa a jiki, sannan a ɗora wani dogon zaman a jirgin sama, hanya ce ta daskarewar jini a jijiyar ƙafa, in gode wa Allah da abin ya tsaya a kumburi.

A wannan zaman na jirgi ne na tuna da ƙanen kakana. Ya fita hajji da ƙafa tun kafin a haifi mahaifina, labarinsa na ƙarshe da aka ji shi ne yana noman auduga a Sudan. Dubban mutanenmu sun bi wannan hanya ta Barno da Wadai da Darfur da Kurdufan zuwa gaɓar Sawakin, suna tsayawa suna ƙwadago su tara guzuri su ƙara gaba. Da aka buɗe gonakin auduga na Jazira a 1925, da yawansu a nan suka sami aikin yi, a nan kuma suka tsufa. Masanin nan ɗan Ghana, C. Bawa Yamba, ya yi littafi a 1995 a kan jikokinsu, waɗanda aka haifa a can amma har lokacin suna ɗaukar kansu matafiya ne a kan hanyar Makka. Mazhabar Malikiyya da muke bi tana ganin mai ƙarfin takawa, wanda ke da sana'ar da za ta ciyar da shi a hanya, ya sami ikon zuwa hajji ko ba shi da abin hawa. Kuɗin komowa kuwa ana duba shi ne idan ana tsoron mutum zai tagayyara in ya zauna a can. Na sha karantar da wannan a aji a matsayin dalilin da ya sa talakawanmu suka cika hanyar gabas. Sai a wannan dare na ji a jikina abin da ake nufi da mutum ya kai inda ya nufa, ya waiwaya ya ga gida ya yi nisa, ƙarfi ya ƙare, guzuri ya ƙare. Ni kwana shida na yi, da katin banki a aljihu. Su shekaru suka yi, kuma babu bas ta dare da ke jiransu.

Ga ɗalibanmu da ke karatu a Turai, waɗanda na san wasunsu na sha'awar irin wannan tafiya, ga abin da zan yi da zan sake. Tun a Sarria zan sayi tikitin jirgin ƙasa, amma na kwana biyu bayan ranar da nake sa ran isa, ko in ƙara 'yan kuɗi in ɗauki wanda ake iya canza masa rana. Idan na isa da wuri, gado a masaukin maziyarta ba shi da tsada, ƙafa kuma ta sami hutu. Ko da tikitin Yuro 20 ɗin ya ɓace a banza, asarar ba ta kai ta silifa da tasi ba. Ba zan kuma sake barin dare ɗaya tak tsakanin ƙarshen tafiya da jirgin komawa gida ba, balle da biza a bakin ƙarewa. Magabata sun ce ba a fafe gora ranar tafiya, ni kuwa na fafe na zuwa na mance da na dawowa.

Akwai wata dattijuwa Bajamushiya da muka yi kwana biyu muna haɗuwa a hanya, wadda ta taso tun daga Saint-Jean. Da ta ga ina ta latsa waya a dandali, ta tambaye ni ina zan je da gaggawa haka. Ita ba ta sayi tikitin komai ba. Ta ce za ta ƙara kwana uku ko huɗu da ƙafa zuwa Fisterra, bakin teku, kimanin kilomita 90, sai ta ga ruwa sannan ta yi tunanin gida. Na yi mata fatan alheri, ban tsaya yi mata bayanin bambancin fasfonta da nawa ba.

Sandar dai a can na baro ta, a kusurwar wani masauki inda na tarar da wasu da dama an jingine. Da na iso gida na je gaida mahaifiyata ina ɗingishi, ta dubi ƙafar ta sa aka kawo man kaɗanya. Na ba ta labarin duka, har da na ƙanen kakana da ya faɗo mini a rai. Ta yi shiru jim kaɗan, sannan ta ce, "To Malam, ina sandar? Ai da ka zo mini da ita, gwiwar nan tawa ta fi taka bukata."