Kunnen Inji da Ran Yaron Gareji

A makon jiya na kai motata gareji, na tarar ana sauke injin wata mota. An ɗaure sarƙa a reshen darbejiya, an zagaye injin da tsohon bel ɗin kujera, wani yaro da bai wuce shekara 15 ba yana kwance a ƙasa yana kwance notin ƙarshe. Da injin ya tashi sai ya karkace, bel ɗin ya zame kaɗan. Allah Ya tsare, yaron ya fito lafiya. Maigidansa ya yi dariya, ya ce haka suka saba.

Wannan sabo shi ne abin da ya dame ni. Kamfanonin ƙera motoci ba su bar wannan aiki ga sa'a ba. A jikin yawancin injina akwai wasu ƙarafa biyu masu huda, waɗanda suka yi kama da kunnuwa, ɗaya a gaba ɗaya a baya, galibi a kusurwoyi masu fuskantar juna, domin nauyi ya daidaita idan an saƙala ƙugiya. Injin ƙaramar mota mai silinda 4 yakan haura kilo 100, idan kuma da giyabos a jikinsa nauyin ya ƙaru, ya kuma rinjaya gefe guda.

Sau da yawa kunnuwan nan babu su: wanda ya yi aikin baya ya cire bai mayar ba. Daga nan sai a saƙala sarƙa a duk inda hannu ya kai, ko a bututun iska, wanda a motocin zamani sau da yawa na roba ne. Gyaran kuwa ba shi da tsada. A nemo kunnen daga tsohon inji irinsa a Ƙofar Ruwa ko Panteka, a ɗaure shi da noti mai lamba 8.8 ko sama da haka, ya shige ramin sosai, musamman a alminiyam inda zare ke saurin cinyewa. Kada kuma a buɗe sarƙa da yawa: idan kusurwar da ke tsakanin ɓangarorinta biyu ta kai digiri 120, kowane ɓangare yana ɗauke da nauyin injin ne gaba ɗaya, ba rabi ba.

Ba raina makanikanmu nake yi ba. Da basirarsu motocin da Turai ta yar suke yawo a titunanmu. Amma yaran nan amana ce iyaye suka ba su. Ya kamata ƙungiyoyin makanikai su mayar da shi doka: ba a ɗaga inji sai ta kunnensa, kuma babu mai shiga ƙarƙashinsa yana rataye. Mu ma masu mota mu rage gaggawa, mu tambaya. Idan inji ya faɗi a sayi wani, amma ƙafar yaro ba a sayar da ita a kasuwa.