A Ba Ƙafa Linzamin Kiɗa

Kwanan baya na halarci wani biki a Achika, cikin ƙasar Wudil. Aka kawo makaɗi da fiyano irin na lantarki, da janareto, da lasifika biyu manya. Yaron gwani ne, yatsunsa ba su da makusa. Mawaƙin kuma, bisa ga yadda mutane suka shaide shi, mai azanci ne. Amma wallahi tun daga la'asar har aka tashi ban tsinci kalma goma daga bakinsa ba. Kiɗa ya danne waƙa, dattawa suka janye tabarminsu, wanda ake yi wa kirari bai ma san an ambace shi ba.

Da na tambayi yaron dalili, sai ya ce, "Malam, hannuwana biyu duk suna kan aiki. Da wanne zan murɗa in rage?" Gaskiyarsa. To, amma wannan matsala tuni aka yi mata magani, mu ne ba mu kula ba.

Maganin shi ne wata 'yar feda da ake ajiyewa a ƙasa, kamar ta keken ɗinki, a haɗa ta da fiyano da waya. In makaɗi ya danna yatsun ƙafa gaba, sauti ya ƙaru. In ya mai da nauyi kan diddige, sauti ya ragu. A cikinta ba wani sihiri, abin murɗawa ne irin na akwatin rediyo, sai dai ƙafa ke juya shi. Dabarar kuwa tsohuwa ce. Tun a 1712 wani maƙeri a Landan, Abraham Jordan, ya yi wa babbar molon coci akwati mai buɗewa da rufewa da ƙafa. Molon lantarki ta Hammond da ta fito a 1935 ita ma da fedarta ta zo. A 1983 masu ƙera kayan kiɗa suka daidaita a kan wata ƙa'ida da ake kira MIDI, wadda ta raba ƙarfin sauti hawa-hawa daga 0 zuwa 127. Haka kuma ta raba wurin fitowarsa: 0 hagu, 64 tsakiya, 127 dama. Saboda haka, a fiyanon da aka shirya don haka, feda na iya kai sautin algaita wannan lasifika, ta komo da shi waccan, kamar mabushi yana kewaya fili.

Wani zai ce wannan al'amarin Turawa ne. Ko kusa. Ku dubi mai kalangu. Hannu yana kaɗawa, hammata tana matse tsarkiya tana saki, da haka kalangu yake magana. Ku dubi masaƙi, hannu na jefa ƙoshiya, ƙafa na taka zare. Tela ma haka. Bahaushe ya daɗe da sanin cewa in hannu ya cika, sai a nemi wata gaɓa ta taimaka.

Abin da ya sa na damu shi ne, waƙar Hausa magana ce, kiɗa rakiya yake yi mata. Makaɗan Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, sun san inda za su sassauta don a ji abin da zai faɗa, su kuma ɗaga in 'yan amshi sun karɓa. Ɗan Maraya Jos, da ya rasu a 2015, da kuntigi mai tsarkiya ɗaya ya cika ƙasar nan, don kowace kalma tasa tana isa kunne. Tun da aka fara finafinan bidiyo a Kano da Turmin Danya a 1990, fiyanon Casio da na Yamaha suka shiga ɗakunan ɗaukar waƙa, daga nan suka gangaro gidajen biki har ƙauyuka. Mun karɓi dokin, amma mun baro linzamin a kanti.

Akwai kuma batun lafiya. Masana kunne sun auna, sun ce ƙara mai ƙarfin desibel 85 bai kamata mutum ya zauna cikinta fiye da awa 8 ba, kuma duk ƙarin desibel 3 sai a raba lokacin biyu. Wa ke zama gindin lasifika a wurin biki? Yara, almajiranmu, waɗanda gobe da safe za mu tsaya gabansu muna faɗa wai ba sa sauraro. Jin da ƙara ta kashe kuwa ba ya komowa.

Ba zan ɓoye wa masu karatu iyakar abin ba. Ƙananan fiyano da yawa ramin feda ɗaya gare su, na jan sauti kawai, ba na ragewa ba. Mai irin wannan sai ya nemi fedar da ake sawa tsakanin fiyano da amfilifaya. Karkatar da sauti hagu da dama kuma ba shi da amfani ga mai lasifika ɗaya. Uwa uba, feda ba ta sa wa mutum hankali. Wanda ya ɗauka ƙara ita ce gwaninta, zai taka ta har ƙasa ya bar ta nan.

Don haka nake kira ga 'yan'uwana malamai. Wudil gari ne na koyo tun zamanin kwalejin horon malamai, yau ga jami'ar kimiyya da fasaha. Ba zai gagari malamin kimiyya ya buɗe feda gaban yara ya nuna musu cikinta ba, ko malamin Hausa ya sa su saurari faifan Shata su lura da inda kalangu ke ja da baya. Ku kuma ma'aikatan hukuma, in ƙarar biki ta kai gabanku, kafin ku ce a hana kiɗa, ku fara cewa a rage. Mai biki shi ma, ran da zai yi jinga, ya ce kuɗinsa na jin waƙa ne.

Hausawa sun ce ganga in ta cika zaƙi, fashewa za ta yi. Allah ya ba matasanmu hannu mai gwaninta da ƙafa mai sanin ya kamata, amin.